Suna na Bakwai

Littafin ya fi jariri nauyi.
Sai da na sa hannu biyu na ciro shi
daga ƙasan akwatin goggo Nesta,
yana warin gishiri da tsohon hayaƙi.
A shafin farko, da tawada mai launin shayi:
Emrys Prosser, masunci, Cilgerran, ƙasar Wales.
Kakan kakata ke nan.

An ce a tsakiyar hunturu aka yi masa baftisma,
yana ɗan shekara goma sha tara.
Sai da aka fasa ƙanƙarar bakin gaɓa da gatari
kafin fasto ya nutsar da shi a kogin Teifi.
Ya fito haƙora na kaɗawa, yana yabon Ubangiji,
uwarsa na tsaye da bargo tana zuba faɗa.

Kwalekwalensa kamar ƙwarya yake,
goya shi yake yi a baya zuwa ruwa,
in ka hango shi sai ka ce kunkuru ne ya miƙe tsaye.
Dare shida yana bin kifi.
Ranar Lahadi kuwa, ko kifi na tsalle cikin kwando,
zai kife kwalekwale, ya sa baƙar kwat,
ya taka mil huɗu zuwa majami'ar 'yan Baftis,
benci na uku, gefen tagar da ta tsage.

Shekarar da aka zo karɓar ushirin cocin hukuma
ya ce ba a can yake durƙusawa ba.
Suka kwance Seren, saniyarsa tilo,
suka yi gwanjonta a ƙofar gidansa.
Ya roƙa a bari ya tatse ta tukuna,
ya miƙa wa mai gwanjon madarar da ɗuminta:
“Sha, ka yi ihu da yawa, maƙogwaro ya bushe.”

Wannan labarin kowa a dangi ya haddace.
Ana ba da shi a biki, ana ba da shi a makoki.
Wanda ba a bayarwa yana shafi na biyu.

'Ya'ya takwas ya rubuta, kowa da ranar haihuwarsa.
Suna na bakwai an ja masa layi,
an danna alƙalami har takarda ta huje.
Tegwen.
Ciki ta yi ba aure.
A taron ikilisiya, shi ne dikon,
hannunsa ne ya riga na kowa tashi
a kan a fitar da ita.
Ta hau jirgin ƙasa zuwa Cardiff da ƙunshin kaya ɗaya.
Abin da ke cikin nan nata, kakata ce.

Na so in rufe littafin a nan.
Sai wasu 'yan takardu suka zubo daga tsakiyarsa,
sun yi laushi kamar busasshen ganye:
rasit na gidan waya,
sule uku, sule uku, wani watan sule biyu da sisi,
shekara goma sha ɗaya ba fashi,
duk zuwa titi ɗaya a Cardiff.
Ba wasiƙa. Ko gaisuwa babu.

Kakata takan ce takalminta na makaranta
wani bawan Allah ne ya saya,
uwarta ba ta taɓa faɗin sunansa ba,
sai dai duk ranar da kuɗin ya zo
takan wanke ɗaki sau biyu, ba ta magana da kowa.

Tegwen ba ta je jana'izarsa ba.
Ni ma ban san me zan ce masa ba,
wannan tsohon da ya iya shayar da mai ƙwace masa saniya
ya kasa buɗe wa 'yarsa ƙofa.

Na ɗaga shafin saitin taga.
Ta hujin da alƙalaminsa ya yi
rana ta ɗigo a tafin hannuna,
ba ta fi ƙwayar gero ba.